Me ya sa hoto ke dishi-dishi a sabuwar talabijin 4K, alhali tsohuwa tana nuna shi garau?

Baban Amira:

Assalamu alaikum. Masana harkar talabijin, a taimaka da bayani. Talabijin ce ta bango, inci 55, a kwalinta an rubuta 4K UHD. Idan aka kunna bidiyon gwajin da ya zo a cikinta, hoto tar yake fita, har gashin gemun mutum ana iya ƙirgawa. Amma da an juya tashoshin dikoda sai fuskoki su yi dishi-dishi, rubutun da ke wucewa a ƙasan labarai gefensa yana rawa, idan kuma ƙwallo ake bugawa sai ciyawar fili ta cure wuri guda. Tsofaffin fayafayen CD na finafinan Hausa da bidiyon biki da ke kan filasha sun fi muni, mutanen ciki ma sun yi gajeru sun yi faɗi. Abin mamakin, duk waɗannan a tsohuwar talabijin mai ƙeya, inci 21, garau suke fita.

Dikoda da na'urar DVD duka an haɗa su ne da waya mai kai uku, rawaya da fari da ja. Daga kujera zuwa bango kamar mita biyu da rabi ne. Talabijin ɗin ce ke da matsala a mayar wa mai shago, ko saiti ne? Kuma akwai wata na'ura da ake sawa ta mayar da hoton 4K?

Injiniya Fagge:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka mayar da ita. Tunda bidiyon gwaji yana fita tar, gilashin da injin cikinta lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana cikin abin da ake ba ta ta nuna.

Fuskar talabijin ta zamani an yi ta ne da ƙananan ɗigogi, wato fiksel, kuma adadinsu a kafe yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ta 4K tana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, jimilla 8,294,400. Tasha ta gama-gari wadda ba HD ba, a tsarin da muke amfani da shi a nan, tana aiko da 720 sau 576, jimilla 414,720. Ka raba za ka samu 20 cif. Ma'ana, cikin kowane ɗigo 20 da kake gani a bangon nan, ɗaya ne ya zo daga tasha, sauran 19 talabijin ce ta ƙirƙiro su da lissafi: tana duba ɗigon hagu da na dama, na sama da na ƙasa, ta ƙiyasta launin da ya kamata ya zauna a tsakani. Curin fura ɗaya ne aka ce a dama wa mutum ashirin, dole a cika ruwa. Faifan DVD shi ma 720 sau 576 ne. Faifan CD na bidiyo kuwa, wanda aka riƙa buga finafinan Hausa a kai shekaru da dama, 352 sau 288 ne, ɗigo 101,376 kacal, wato ɗigo ɗaya zai cike gurbin sama da 80.

Akwai kuma batun ko lissafin yana rabuwa daidai. HD yana zuwa ne da layi 1080 ko 720 daga sama zuwa ƙasa. Daga layi 1080 zuwa 2160 ninki biyu ne cif, daga layi 720 ninki uku ne, shi ya sa bidiyon HD yake zama lafiya lau a talabijin 4K. Daga 576 kuwa ninki 3.75 ne. Layi ɗaya ba ya faɗawa kan cikakkun layuka, sai an gauraya shi da maƙwabcinsa, wannan gaurayawar tana daga cikin abin da ke kashe kaifin gefen abubuwa.

To me ya sa tsohuwar take nuna shi garau? Abu na farko, don irin wannan siginar aka ƙera ta. Ba ta da ɗigogi kafaffu da sai an cike, bindigar lantarki ce a cikin ƙeyar take zana layukan ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo, kuma bakin kowane layi yana da laushi, yana ɓoye datti da yawa. Na biyu, kuma shi ya fi girma, ƙanƙanta. Tsayin hoto a talabijin mai ƙeya inci 21 kusan santimita 30 ne. A inci 55 na bango kusan santimita 68 ne. Ka raba 68 ɗin da layi 576, kowane layi ya kai milimita 1.2. Ido mai lafiya yana daina rarrabe abu mai wannan kauri ne sai an ja baya kamar mita 4. A tsohuwar, layin bai wuce rabin milimita da kaɗan ba, daga mita 2 ma ya ɓace wa ido. Kai kuma kana zaune a mita biyu da rabi. A tsohuwar ka wuce iyakar da ido ke ganin aibi, a sabuwar kana tsakiyarta. Dattin nan dama can yana nan, girman gilashi ne ya tona shi.

A wannan nisan naka, hoto mai layi 1080 ne daidai da inci 55, don iyakarsa kusan mita 2.2 ce. Mai layi 720 yana son mita 3 da ɗoriya. Na faifan CD mai layi 288 sai ka kai mita 8 kafin ya yi kyau, babu falon da zai ba ka haka.

Maganar mutane sun yi gajeru sun yi faɗi, wannan saiti ne kawai, kuma yanzu za ka iya gyara shi. Tsohon bidiyo siffarsa 4:3 ce, sabuwar talabijin 16:9 ce. Idan aka tilasta masa cika fuska, ana jan sa gefe da gefe da kashi ɗaya cikin uku. Shiga saitin hoto, nemi Aspect Ratio ko Picture Size, ka zaɓi 4:3 ko Original. Baƙin shafi zai bayyana hagu da dama, ɗigo 480 kowane ɓangare a talabijin 4K. Mutane da yawa ba sa son ganin baƙin nan, suna ganin kamar an yi asarar gilashi. Ni dai shawarata a haƙura da shi, don bayan gyara siffar mutane, hoton yana ƙara tsafta tunda an rage jan da ake yi masa. Ka guji Zoom, shi yana yanke kai da ƙafa ne ya ƙara faɗaɗa abin da ya rage.

Mai Dish Damagaram:

Injiniya ya gama da lissafi, Allah ya ƙara basira. Ni wajen wayar nan mai kai uku zan tsaya, don Alhaji, ita ce babbar mai laifi a abin da ka lissafa.

Fari da ja sauti ne. Duk hoton a kan rawaya ɗaya yake tafiya, haske da launi a cakuɗe, kuma analog ne. Dikoda ta karɓi sigina dijital daga tauraron ɗan Adam, ta sauke shi zuwa analog mai layi 576, talabijin ta sake mayar da shi dijital, ta yi ƙoƙarin raba launi da haske, sannan ta faɗaɗa. Rabuwar ba ta taɓa fita tsaf. Rawar da kake gani a gefen rubutun labarai daga nan take. Ka matsa kusa da gilashin ka dubi bakin harafi ja ko shuɗi, za ka ga ƙananan ɗigogi suna hawa sama a jere ba sa tsayawa. Idan mai gabatar da labarai ya sa riga mai ƙananan zane, za ka ga launin bakan gizo yana wasa a kanta alhali rigar fara da baƙi ce. Mafi muni, ko tashar HD ce kake kallo, muddin ta rawaya ta biyo, a 576 za ta iso.

Duba bayan dikodar. Idan akwai ramin HDMI, cire mai kai uku gaba ɗaya ka sa HDMI. Ba sai mai tsada ba, a tsawon mita ɗaya da rabi ko biyu kowace lafiyayyar waya tana ɗaukar 1080. Wayar HDMI ba ta sa hoto dishi-dishi, idan ta lalace sai dai ka ga farin ƙyalli yana tartsatsi ko hoto yana ɗaukewa yana dawowa. Bayan ka sa, juya Source zuwa lambar HDMI ɗin da ka soka. Daga nan shiga menu na dikoda, ba na talabijin ba, nemi wurin Display ko AV Settings ko Video Resolution. Da yawa suna zuwa a kan 576i, kuma ko ka canja waya a nan za su zauna sai ka ɗaga da hannunka. Sa 1080i ko 1080p, mai 50Hz. Kada ka zaɓi 60Hz. Tashoshinmu a kan 50 suke tafiya, Nijeriya da Nijar duka, idan ka tilasta 60 za ka ga ƙwallo tana ɗan tsalle-tsalle duk lokacin da kyamara ta bi ta. A wurin nan dai za ka ga TV Type ko Aspect, sa 16:9, ka zaɓi Pillarbox, wato mai barin baƙin shafi hagu da dama, idan akwai, don dikodar ma tana iya zama ita ke jan mutane. Masu dikodar Canal+ ko risiba mai menu na Faransanci, a ƙarƙashin Réglages ko Paramètres za ku same shi.

Idan dikodar tsohuwa ce ba ta da HDMI, canja ta ya fi duk wata dabara. Na'urar DVD kuma ka duba ko tana da HDMI. In babu, duba ramuka uku kore da shuɗi da ja, an rubuta Y Pb Pr. Idan talabijin ɗinka ma tana da su, sun fi rawaya nesa ba kusa ba, don suna raba haske da launi tun daga tushe. Sai dai sababbin talabijin da yawa sun daina zuwa da su.

Kada ka sa rai duk tashoshi za su gyaru. Dijital daban, HD daban. Tashoshi da yawa, musamman na kyauta da ake kamawa da risiba irin su Strong, dijital ne amma 576 suke aikowa, kuma a matse. Mai tasha yana biyan kuɗin gurbi a kan tauraro, don haka ana cusa tashoshi da yawa a mita guda, wato frequency ɗaya, kowacce ta samu ɗan kaso. Curewar ciyawa daga nan take. Tsarin matse hoto na MPEG-2 yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 sau 8. Idan kyamara tana gudu kuma kason tashar bai isa ba, sai ya zubar da bayanin cikin gidan ya bar launi ɗaya. A inci 55, kowane gida ya kusa santimita ɗaya, ido kuwa ba ya kuskure shi. Wannan babu waya ko saitin da zai dawo da shi.

Ka kuma bambance wannan da raunin sigina. Idan hoto yana tsayawa cak, yana farfashewa da manyan murabba'ai masu launi, sauti yana ƙyat-ƙyat, musamman in hadari ya haɗo, wannan aikin dish ne. Duba Signal Quality, ba Strength ba. Ko iska ta goce da farantin, ko LNB, wato kan da ke gaban farantin, ta juya, ko ruwa ya shiga kan wayar ya yi tsatsa. Raunin sigina a dijital ba ya sa hoto laushi, fasa shi yake yi.

Umman Sadiq Edita:

Sannunku da ƙoƙari. Baban Amira, bari in ɗauki ɓangaren filasha da fayafai, don nan ne aka fi yaudarar mutane.

Kafin komai, ka san girman abin da ke hannunka. Sa filashar a kwamfuta, buɗe bidiyon da manhajar VLC, shiga Tools sannan Codec Information, za ka ga lambobi biyu. Ko ka sauke MediaInfo, kyauta ce, tana nuna har yawan bayanin da bidiyon ke ɗauka a daƙiƙa. Abin da masu turi suka saba zuba wa mutane don kallo a waya yawanci 640 sau 360 ne, don ya yi sauƙin nauyi. A waya mai inci 6 fes yake. A 4K kowane ɗigo nasa sai ya cike 36. Tsofaffin fayilolin 3GP na zamanin ƙananan wayoyi kuwa har 176 sau 144 akwai, waɗannan a bar su a waya kawai. Ko babu kwamfuta, nauyin fayil yana ba da labari: fim na awa biyu da bai wuce megabait 200 ko 300 ba, kada ka jira abin kirki daga gare shi a inci 55.

Bidiyon biki sau da yawa an ɗauke shi da kyau, a hanya ya lalace. Mai kyamara ya ɗauka a 1080, aka tura wa amarya ta WhatsApp, manhajar ta matse shi ya koma wajen 480, ita ta ɗora a status, wata ta sauke ta tura gaba, kowane zango ana sake matsewa. Abin da ya zube ba ya dawowa. Ka koma wurin mai ɗaukar ka karɓi ainihin fayil ɗin a filasha ko mimori. In dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, a haka ba a taɓa shi. Maɓallin HD da suka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar, amma shi ma yana matsewa.

A YouTube kuma, idan ka bar Quality a Auto, da intanet ta yi rauni zai sauka 360 ko 240 bai tambaye ka ba. Zaɓa da hannu. Su da kansu suna ba da shawarar gudun megabit 2.5 a daƙiƙa don 720, megabit 5 don 1080, megabit 20 don 4K. In ka lissafa a awa, 720 zai ci wajen gigabait 1, 1080 ya haura gigabait 2, 4K ya kai wajen gigabait 9. Ga mai sayen data, 720 ne matsakaici mai kyau, kuma kamar yadda Injiniya ya ce, yana rabuwa daidai a 4K.

Akwai wani aibi da ba a ambata ba tukuna. Tsohon tsarin talabijin ba ya aiko da cikakken hoto a lokaci guda. Yana aiko da rabi, layukan mara, sannan ɗaya rabin, layukan cika, sau 50 a daƙiƙa. Harafin i da ke cikin 576i da 1080i ke nan. Talabijin mai ƙeya haka take zana su, rabi bayan rabi, ido ya haɗa. Ta bango dole ta haɗa rabi biyun ta nuna tare, alhali ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. Tsayar da bidiyon biki daidai inda wata ta ɗaga hannu tana liƙi, ka dubi hannun. Idan ka ga gefensa ya tsattsage layi-layi, ɗaya ya shiga ɗaya ya fita, to ba a haɗa rabin da kyau ba. Daga dikoda ko DVD talabijin tana gyara wannan da kanta. Matsalar tana zuwa ne idan wani ya kwafe kaset ko faifai zuwa MP4 bai gyara ba, ya kuma canja girman hoton. A nan tsagar ta zauna daram a cikin fayil, babu mai cire ta.

Don haka mai son kwafe tsohon kaset na VHS ko faifan DVD, ya ɗauka a 720 sau 576 yadda yake, ya ajiye wannan a matsayin uwa. Sannan ya buɗe manhajar HandBrake, a shafin Filters ya kunna Deinterlace, ya zaɓi Bwdif ko Yadif a kan Bob, ya sa Framerate a 50, ya fitar da shi a tsarin H.264, da RF, wato ma'aunin kyawun hoto, wajen 18 zuwa 20. Kada ya ɗaga girman zuwa 1080, kada ya ja shi zuwa 16:9. Faifan CD na bidiyo ba ya buƙatar wannan, a kwafi fayilolin DAT da ke cikin jakar MPEGAV kawai, VLC tana buɗe su.

Masu cewa za su yi maka "converting" zuwa HD ko 4K a shago, abin da suke yi shi ne faɗaɗawar da talabijin ɗinka za ta yi da kanta, sai dai nasu ya ƙara nauyin fayil ya kuma ƙara matsewa sau ɗaya. Manhajojin AI irin su Topaz daban ne, suna iya tsaftace bidiyo mai matsakaicin kyau sosai. Amma zana abin da babu suke yi bisa ƙiyasi. A bidiyo mai layi 288, fuskar da ke nesa ba ta wuce ɗigo kaɗan ba, sai manhajar ta ƙera ido da haƙora da ba na mutumin ba, rubutun jikin allo ya koma wasu haruffa marasa ma'ana. Ga bidiyon iyaye da kakanni, musamman waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ina roƙon a riƙe na asalin ko da an yi na AI.

Baban Amira:

Allah ya saka da alheri, Injiniya, Malam Mai Dish, Hajiya. Dikodar tana da HDMI, an sa, an ɗaga zuwa 1080i 50Hz. Tashoshin HD sun fito ras, rawar rubutu ta tafi. Sauran tashoshin sun yi sauƙi amma fuska tana yin sumul fiye da kima, kuma akwai farin zare a gefen mutane. DVD ɗin ba ta da HDMI. Ɗan akwatin nan na AV, wato waya mai kai uku, zuwa HDMI da ake sayarwa a kasuwa zai taimaka?

Injiniya Fagge:

Madalla. Farin zaren da sumul ɗin duka daga saitin talabijin suke, kuma kowane rami yana da nasa saitin, don haka ka yi gyaran kana kan HDMI ɗin dikoda, ka sake yi kana kan AV.

Fara da Picture Mode. Fitar da ita daga Vivid ko Dynamic, waɗannan don shago aka yi su, inda talabijin ke gasa da fitilu. Sa Movie ko Cinema ko Filmmaker, in ya yi maka duhu da rana ka ƙara Backlight, ba Brightness ba. A talabijin mai duka biyun, ƙara Brightness yana ɗaga baƙi ya koma toka, duk murabba'an da ke ɓoye a wuri mai duhu su fito fili. Ka tabbata kuma tana kan Home Mode, ba Store Mode ba, in ba haka ba duk abin da ka saita za ta goge shi bayan ɗan lokaci.

Farin zaren aikin Sharpness ne. Ba ya ƙara bayani ko ɗaya, abin da yake yi shi ne zana farin layi a gefen duk abu mai duhu don ido ya ɗauka kaifi ne, kuma yana yi wa dattin MPEG haka shi ma. Sauke shi ƙasa sosai, sannan ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan kana kallon kafaɗar mai labarai, da zaren ya fara leƙowa ka koma baya taki ɗaya. A yawancin talabijin wurin yana kusa da ƙasa, amma a wasu, kamar Sony da yawa, tsakiya ne matsayin babu ƙari, ƙasa da haka laushi take ƙarawa.

Sumul ɗin fuska kuma Noise Reduction ne ya yi yawa. Yana goge ƙurar hoto, amma ba ya bambance ƙura da ramukan fata ko saƙar shadda. Sa shi Low a tashoshin 576, kashe shi a HD. MPEG Noise Reduction shi ne mai amfani a kan murabba'ai, Low ko Medium. Sai mai ƙara santsin motsi, TruMotion a LG, Auto Motion Plus ko Picture Clarity a Samsung, Motionflow a Sony. Yana ƙirƙiro hotuna a tsakanin na gaske, kuma idan tushen ba shi da tsafta yana kuskure, ka ga ƙwallo ta zama biyu ko ta ɓace a iska. Rage shi ko ka kashe. A ƙarshe kunna Just Scan ko Fit to Screen, don ta daina yanke bakin hoto tana ƙara faɗaɗawa.

Inda na ɗan saɓa da Malam Mai Dish shi ne barin dikoda a 1080 kullum. A tashar 576, hakan yana nufin dikoda ta faɗaɗa zuwa 1080, talabijin ta sake faɗaɗawa zuwa 2160, aiki biyu, kuma na farkon injin mai arha ne ya yi. Idan dikodar tana da Auto ko Native ko By Source, gwada shi, ta miƙa kowace tasha yadda ta zo, talabijin ta yi aikin sau ɗaya.

Mai Dish Damagaram:

Gaskiya ne Injiniya, idan talabijin ɗin babbar kamfani ce mai injin kirki. Amma akwai masu arha da yawa a kasuwa da gilashin 4K ne, injin ciki kuwa bai fi na dikoda ba, wani lokaci ma dikodar ta fi shi iya haɗa layukan 576i. Sannan Native yana sa fuska ta yi baƙi daƙiƙa biyu ko uku duk lokacin da aka tashi daga tashar HD zuwa wadda ba HD ba, masu gida ba sa jure wannan. Alhaji ya gwada duka biyun a tashar labarai guda, ya dubi ƙananan rubutun ƙasa da layin da ya karkace, kamar gefen tebur ko farin layin fili. Wanda layin ya fi miƙewa babu matakala, a bar shi a nan.

Akwatin AV zuwa HDMI kuwa, tunda talabijin ɗinka tana da ramin AV, kada ka saya. Abin da ya shiga ta rawaya shi zai fita, an dai canja masa rami. Rubutun 1080P da ke jikinsa girman abin da yake fitarwa ne, ba kyawunsa ba, kuma yawancinsu suna jan 4:3 su cika fuska ba tare da ba ka zaɓi ba, wasu suna mayar da 50 zuwa 60. Amfaninsa ɗaya, idan talabijin ba ta da AV sam. Mai sayensa ya karanta jikin da kyau: AV2HDMI yake nema, HDMI2AV kishiyarsa ne, kamarsu ɗaya kuma ba sa aiki a juye. Yana buƙatar wuta bolt 5 ta USB, in ba a soka ba fuska baƙa za a gani. Wasu talabijin kuma ramin AV ɗinsu ƙarami ne irin na iyafis, da 'yar wayarsa a kwali. A yi amfani da wadda ta zo da ita, don jerin zoben ba ɗaya ba ne a kowane kamfani, ta wani tana iya ba ka sauti babu hoto ko ƙugi kawai.

Kuɗin akwatin gara ka ƙara a kai ka sayi DVD mai HDMI, a kunna ta a 576p ko 1080p. Fayafayen DVD za su yi kyau ƙwarai, don bayaninsu yana da yawa, ya ninka na tashar tauraro ta gama-gari. Na CD dai za su rage datti amma ba za su yi kaifi ba. Su kam idan tsohuwar mai ƙeya tana nan da rai, a ajiye ta a ɗaki a haɗa mata na'urar, ko a nemi ƙaramar ta bango inci 24 ko 32 a zauna mita 3 daga gare ta.